Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga sarakunan zango da limaman Akra: ku ba masu zanenmu bango, ku haɗa su da dattawa

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Ranku ya daɗe iyayenmu sarakunan zango, na Sabon Zango da Nima da Mamobi da Fadama da Madina da Sukura da sauran unguwanninmu. Allah ya ja zamaninku. Allah ya gafarta malamanmu limamai, ya ƙara muku lafiya da nisan kwana. Bayan gaisuwa da ban girma, ina neman izini in kawo kuka gabanku a kan wani al'amari da ba kasafai ake kawo shi fada ko zauren malam ba, wato maganar masu zane da adon hannu na mutanen zango.

Ni mai rubuta allunan shaguna ne a Nima. A cikin sana'ar na tashi, kuma da yamma akwai yara da ke zuwa wurina koyon riƙe buroshi. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, adon da iyayenmu suka zo da shi ƙasar nan yana ƙarewa tare da tsofaffin da suka iya shi, alhali ga matasa nan birjik da Allah ya ba su hannun zane, suna yawo ba su san abin da za su zana ba sai abin da suka gani a waya. Dattijon da ya san abin yana ɗaki, yaron da zai iya ɗaukarsa yana bakin titi, babu wanda ya haɗa su. Ku ne kuke da bakin da za ku haɗa su.

Bari in fara da allon zayyana, don shi ya fi ci mini rai. Da yawa cikinku, ranku ya daɗe, kun riƙe shi ranar saukar karatunku. Na san wani dattijo a unguwarmu, Allah ya jiƙansa, da ake kai wa alluna idan lokacin sauka ya zo. Yakan goge allon da farar ƙasa har ya yi sumul, ya shanya. Tawadarsa da kansa yake haɗawa: baƙa daga gawayi da ƙaro, sannan ja da rawaya da kore kowace a 'yar kwalbarta. Ba ya fara rubutu sai ya ja iyaka. Zai tsaga allon gida-gida, ya fitar da murabba'i a cikin murabba'i, ya kewaye da sarƙar da ke shiga ƙarƙashin 'yar'uwarta ta fito ta sama, ba za ka gane inda ta fara ba balle inda ta ƙare. Sai ya gama wannan ne zai zauna ya rubuta Fatiha a gefe ɗaya, farkon Baƙara a ɗayan, da alƙalamin kara da ya fiƙe da hannunsa. Wasali ja, hamza rawaya. Idan ya ja layi numfashinsa yake riƙewa har alƙalamin ya kai ƙarshe. Yaron da aka yi wa allon zai ɗauke shi gida-gida ana yi masa barka, ana ba shi abin da ya sawwaƙa.

Dattijon ya rasu ba wanda ya gaje shi. 'Ya'yansa sun yi karatu, sun kama wasu sana'o'i, ba laifinsu ba ne. Allunan da ya yi, wasu gara ta ci, wasu ruwan damina ya shiga ɗaki ya wanke. Yau idan za a yi walimar sauka, sai a je wurin mai kwamfuta ya ciro wani ado daga intanet, wanda aka zana a wata ƙasar da ba ta san mu ba, ya buga a leda mai sheƙi. Bayan kwana biyu ledar tana cikin kwata. Ina rubuta allo, na san sauƙin injin, ni ma ina amfani da shi. Amma injin abin da aka ba shi yake fitarwa, mu kuwa ba mu ajiye namu ba balle mu ba shi.

Haka zancen babbar riga. Matasanmu suna ganin aska takwas da aska biyu da tambari a ƙirjin rigunanku ranar Sallah, ba su san cewa kafin allura ta taɓa ƙyallen, sai wani gwani ya zauna da alƙalami da tawada ya zana fasalin aikin a kansa ba. Mai zane shi ne farko, maɗinki ya bi sawunsa da zare wata da watanni. Sau da yawa mai zanen nan almajiri ne ko malami, da alƙalamin da yake rubuta allo da shi yake zana riga. Ke nan zane ba baƙo ba ne a gidan malamai. Ga kuma na mata: lallen amarya, da jeren ɗaki, yadda iyayenmu mata suke tsara langa da samira da tasoshi a kabad, launi kan launi, daga ƙasa har rufi, a yi ta zuwa kallo. Ga zanen ƙwarya, ga aikin dukawa a kube da gafaka da layu. Duk wannan ilimin ido ne da hannu, kuma kusan babu wanda aka rubuta.

Kada wani ya ce wannan kayan Kano ne ko Katsina, can za a adana shi. Namu ne, a ƙasar nan ya yi saiwa. Lokacin da Bature Bowdich ya isa Kumasi a 1817, ya tarar da malamai Musulmi suna da daraja a fadar Asantehene, sarkin Asante, kuma har gobe babbar rigar yaƙin sarkin, batakari, lulluɓe take da layu na fata. Bayan yaƙin basasar Salaga na 1892, fatake da malamai suka watsu zuwa Kete-Krachi da Kumasi da Akra da littattafansu da sana'o'insu. Malam Bako ya kafa Sabon Zango, Malam Amadu Futa ya kafa Nima. Alhaji Umaru, wanda aka haifa a Kano ya rasu a Kete-Krachi a 1934, an san waƙoƙinsa yau saboda a shekarun 1960 Cibiyar Nazarin Afirka ta Jami'ar Legon ta bi gari-gari tana tattara rubuce-rubucen Larabci da ajami tana kwafa. Rubutu ya samu masu ceto, Allah ya saka musu. Adon da ke gefen rubutun, da na bango, da na riga, shi ne ya rasa mai tsaya masa.

Ranku ya daɗe, ku dubi abin da ke faruwa a wajen zango. Duniya ta waiwayo kan masu zanen Ghana. A watan Fabrairun 2020 an yi gwanjon wani zane na Amoako Boafo, haifaffen Akra, a Landan kan fam 675,000. Ibrahim Mahama, ɗan Tamale da ya karanci zane a jami'ar KNUST ta Kumasi, ya ɗauki tsofaffin buhunan koko da suka gama yawo da masara da gawayi, irin waɗanda 'yan'uwanmu 'yan dako ke ɗauka a ka kullum, ya sa aka ɗinke su ya lulluɓe dogon bango a baje kolin Benis na ƙasar Italiya a 2015, ya lulluɓe Gidan Wasan Kwaikwayo na Ƙasa a nan Akra a 2016. Abin da ya fi burge ni, da ya samu sai ya koma gida ya buɗe cibiyar fasaha a Tamale a 2019, inda yaran makaranta ke shiga su gani. A 2019 ɗin ne kuma Ghana ta fara kafa rumfarta ta kanta a Benis. Bikin zane da fasaha na kan titi, Chale Wote, da aka fara a Jamestown a 2011 yana tara dubban mutane duk shekara. A ƙarshen 2024 hukumar UNESCO ta sa saƙar kente cikin jerin al'adun duniya. Maƙwabtanmu Asante sun riƙe adinkra, wato alamominsu na gargajiya, har ta shiga tambarin banki da ginin gwamnati, kowane ɗan firamare ya san alamomin Gye Nyame da Sankofa. Ina taya su murna da zuciya ɗaya, don sun yi wa abinsu hidima. Amma ku tare ɗan zango mai shekara goma sha biyar ku nuna masa dagi ko aska takwas ku tambaye shi sunansa.

Ba wai ba mu da gwanaye ba. Mohammed Awudu ɗan Nima ne, zanensa na bango ya fitar da sunan unguwar nan har ƙasashen waje. Ƙungiyar Nima Muhinmanchi Art ta daɗe tana koyar da yara zane tana ƙawata bangaye. A bayansu akwai ɗimbin matasa da ba a san sunansu ba, a Newtown da Kotobabi da Ashaiman, da Aboabo da Asawase can Kumasi. Matsalarsu ita ce kasuwa ce kaɗai malamarsu. Idan aka ji wani salo ya yi tsada a Landan, kafin wata uku kowa ya koma zana fuska baƙa a kan bango mai launin alawa, ko hannunsa ya dace da hakan ko bai dace ba. Mafi muni, akwai masu saye da ba abin da suke so daga ɗan zango sai hoton kwata da bola da yaro mai tsumma. Yaro yana neman na abinci, sai ya zana musu, su rataya a falo su ce ga Nima. Talauci gaskiya ne a unguwanninmu, ban ce a ɓoye shi ba, mai zanen da ya nuna wa hukuma halin kwatar da ke cinye mana gidaje duk damina ya yi aikin kirki. Amma unguwar da ta fitar da alarammomi da 'yan kasuwa da 'yan ƙwallon ƙasa, idan duk abin da za a tuna da ita shi ne bola, an zalunce ta, kuma da hannun ɗanta.

To mene ne aikin mai zane a nan? A ganina ba kwafe tsohon abu zai zauna yi ba har abada, wannan kyamara ma ta iya. Aikinsa ya koyi abin daga tushe har ya shiga hannunsa, sannan ya faɗi maganar zamaninsa da shi. Misalin da nake ba yarana shi ne Ibrahim El-Salahi na Sudan, wanda aka haifa a Umdurman a 1930, ɗan malamin makarantar allo. Ya je Landan ya koyi zane irin na Turawa, ya dawo Khartum ya baje kolinsa, ya ga mutanen garinsa ba su ga kansu a ciki ba. Sai ya koma kan harafin Larabci da adon da ya tashi yana gani a allo da kayan gida, ya rinƙa lanƙwasa harafi yana buɗe shi har sabuwar siffa ta fito. Da wannan ne sunansa ya kai inda ya kai, har gidan Tate Modern na Landan ya shirya masa babban baje koli na shi kaɗai a 2013. Da tsohuwar zuma ake magani. A nan gida ma, matan Sirigu da ke arewa maso gabas suna da zanen bango na gado da jar ƙasa da baƙa da fara. Da suka ga siminti da kwano suna korar ginin ƙasa, sai Melanie Kasise ta tara su suka kafa ƙungiya a 1997, suka ɗora zanen a kan ƙyalle, suna sayarwa suna koya wa 'yan mata. Ga abinci ya samu, ga gado bai mutu ba. Matan ƙauye ne suka yi wannan. Mu da muke tsakiyar babban birni, kusa da kowane ofishi, me ya hana mu?

Na san abin da ke zukatan wasu, Allah ya gafarta malam, kuma ba zan kewaye shi ba. Yaro da yawa an karya masa fensir a gida an ce zane haramun ne, ya tashi yana jin kunyar baiwar da Allah ya yi masa, ko kuma ya ɗauke ta ya yi nesa da masallaci gaba ɗaya. Hadisan da suka yi gargaɗi a kan surar abu mai rai ingantattu ne, ba mai wasa da su. Amma a cikin Bukhari da Muslim ɗin ne aka ruwaito mutumin da ya zo wa Ibn Abbas, Allah ya yarda da shi, ya ce da yin sura yake ci, Ibn Abbas ya tsoratar da shi, sannan ya nuna masa mafita, cewa idan ba makawa sai ya yi, to ya yi itatuwa da abin da ba shi da rai. Bai ce masa ya je ya mutu da yunwa ba. Kuma malaman mazhabar Malikiyya da akasarinmu muke bi sun bambanta tsakanin gunki mai inuwa da zanen da ke shimfiɗe a takarda ko ƙyalle, hukuncinsu ba ɗaya ba ne. Fatawa taku ce, ba tawa ba. Roƙona ku yi bayanin dalla-dalla a wa'azi da makarantun Islamiyya, uba ya san iyakar abin da zai hana da abin da zai ƙarfafa. Domin zayyana da dagi da aska da rubutun ayoyi da zanen gine-gine da kasuwa da itatuwa, akasarin malamai ba su ga laifi a cikinsu ba. Mun shiga babban Masallacin Ƙasa na Kanda da aka buɗe a 2021, mun ɗaga kai mun ga adon ƙubba irin na Turkawa mun yi tasbihi. Hannun mutum ne ya yi shi, mutumin da al'ummarsa ta koyar da shi ta kuma biya shi. Ina fata masallacin da za a gina a Mamobi ko Fadama nan gaba, ɗan unguwa ne zai ƙawata mihrabinsa da adon da kakansa ya sani.

Abin da nake roƙo bai fi ƙarfinku ba. Babban cikinsu shi ne dattawan nan. Kowane sarki ya san tsofaffin unguwarsa: wane ne ya iya zayyana, wane ne yake zana riga, wace tsohuwa ce ake kira lalle da jere. Ku sa a neme su tun suna da sauran gani da ƙarfin hannu, a zaunar da matasa biyu ko uku gaban kowannensu na tsawon watanni, yadda ake zaman koyon kowace sana'a, da ladabi da aike da haƙuri. A biya dattijon, kada a ce ya yi don Allah alhali ba shi da kuɗin magani. A sa yaran su kwafe kowane fasali a littafi, su rubuta sunansa da Hausa da lokacin da ake amfani da shi, a ɗauki hoto da bidiyo. Idan ni na je ƙofar tsohuwa na ce ta buɗe mini adakarta in ga tsohuwar rigar mijinta, za ta ce wane ne kai. Idan saƙon daga fada ya fito, da kanta za ta aiko a zo. Kuma a sa 'yan mata a ciki sosai, don rabin wannan ilimin a cikin gida yake, inda namiji ba ya shiga, kuma yarinyar da ta iya zana lalle mai kyau ta riga ta iya riƙe layi fiye da yawancin masu zuwa wurina.

Sai bango. Ku zaga unguwanninmu ku gani, bangayen da ke bakin titi kamfanonin waya da na lemo sun shafe su da launinsu, abin da ya rage fastocin 'yan siyasa sun rufe. Maigida yana karɓa ne don an yi masa fenti kyauta, ban ga laifinsa ba. Amma bangon fada, da katangar makarantar Islamiyya, da ta maƙabarta, da mashigar kasuwa, waɗannan a hannunku suke. Ku ba da ko da ɗaya a kowace unguwa, ku ce a zana tarihin wurin da adonsa: ayarin fataken goro, taswirar hanyar Kano zuwa Salaga, sunayen waɗanda suka kafa unguwa cikin rubutun ajami. Limami ya duba fasalin kafin a fara, kowa hankalinsa ya kwanta. An ƙawata ƙarƙashin gadar Ako Adjei da zane, nan kusa da mu, kowa yana wucewa yana kallo, ba wanda ya ce an ɓata wuri.

Maganar kuɗi kuwa, an kafa Asusun Raya Zango da dokar majalisa a 2017, kuma mun ga filayen ƙwallo da sauran ayyuka da aka yi da sunan zango, mun gode. Idan majalisarku ta rubuta da murya ɗaya cewa a ware wani abu don adon gargajiya da masu zane, za a saurara fiye da yadda za a saurari ɗaiɗaikunmu. Haka Gidan Tarihi na Ƙasa, da aka buɗe tun 1957 aka sake buɗe shi a 2022 bayan gyara: ku nemi zama da shugabanninsa a kan yadda za a baje kayan zango a matsayin tarihin Ghana, tunda a nan aka haife mu, a nan aka binne kakanninmu. Kafin wannan ya tabbata, ɗaki guda mai rufi mai kyau da ba ya yoyo, a fada ko a harabar masallaci, ya isa a fara tara alluna da riguna da tasoshin da iyalai za su bayar aro, da sunan kowane gida a jikin kayansa. Attajiranmu kuma, masu gina otal da gidajen sama, ku yi musu magana su riƙa sayen aikin 'ya'yan unguwa da farashin mutunci, maimakon hotunan leda da ake shigowa da su a kwantena.

Mu ma masu zane akwai abin da ke kanmu, kuma na faɗa wa na kusa da ni: wanda aka ba bangon fada ya zo a kan lokaci, ya yi shigar kirki, ya gaida manya, ya sayi fenti mai jure rana da iskar teku, kada ya karɓi kuɗi ya ɓace. Idan aka ba mu amana muka ci, mun rufe ƙofa ga na bayanmu.

Ina roƙon ku sa wannan magana cikin abin da za ku tattauna a zamanku na gaba, ku kuma ba mu rana mu zo gabanku, mu da wasu daga cikin matasan, da ayyukansu a hannu, ku gani da idonku. Idan an amince, za mu so a fara da zaman dattawa da yara kafin azumi, domin allunan saukar bana su fito daga hannun 'yan unguwa.

Allah ya ƙara wa sarakuna lafiya da adalci, ya ƙara wa malamai ilimi mai amfani, ya zaunar da ƙasarmu lafiya.

Wassalamu alaikum.

Ɗanku,
mai rubuta allunan shaguna,
Nima, Akra.